Nasiha ga Matasa a kan Daren Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Ya ku 'ya'yana da ƙannena, samari da 'yan mata na ƙasar Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ina roƙonku ku ara mini hankalinku a kan wata mas'ala wadda, ko da yake tana kwana a cikin gidajenmu, kuma kunnuwanmu suna jin ta kullum dare, ba mu saba lissafa ta cikin cututtuka ba, balle mu kai zancenta gaban likita. Mas'alar kuwa ita ce barcin dattijo ko dattijuwar da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar shekara biyu, ko biyar, ko goma da suka wuce, Allah Ya yi da sauran shan ruwa a gaba, aka tashi ana jan ƙafa, hannu ɗaya a naɗe bisa ƙirji, harshe da ɗan nauyi, har mutanen gida suka saba da halin, 'yan dubiya suka ɗauke ƙafa, aka koma in an tambaya sai a ce, ai Baba da sauƙi, yana ci yana sha, yana barcinsa har da minshari.

Ba zan tauye muku haƙƙinku ba. Da rana kuna ƙoƙari, kuma duk mai adalci ya shaida. Ku kuke ɗora shi bisa amalanke ko babur ku kai shi asibiti, ku kuke kama shi ku fito da shi inuwar bedi, ku kuke zuba masa ruwan alwala, 'yan mata kuma su dama kunu su ba shi da ludayi sannu sannu don kada ya ƙware. A lokacin damina kuwa ku kuke nome masa gonar gero da ta aya, ku kawo amfanin ku zuba a rumbunsa. Amma da an sallame sallar lisha, samari sun nufi fada wajen shan shayi, mata sun shige ɗakunansu da yara, sai a ja masa ƙofa a bar shi shi kaɗai har asuba, a bisa zaton cewa mai barci ba ya bukatar kowa. A cikin waɗannan awoyi bakwai ko takwas da babu mai lura, a nan ne wata cuta take aikinta, wadda likitoci suke kira ɗaukewar numfashi cikin barci.

Ga yadda abin yake. Hanyar da iska take bi daga hanci zuwa huhu, a daidai bayan harshe da ƙasan ganɗa, ba ta da ƙashi ko guringuntsin da zai riƙe ta a buɗe. Tsoka ce kawai take ɗaure da ita, tsokar nan kuwa daga ƙwaƙwalwa take karɓar umurni. Idan mutum yana farke, tsokar tana nan a tsaye bisa aikinta, amma da barci ya yi nauyi sai ta saki, harshe ya koma baya, bangon maƙogwaro ya matso. Wanda ya taɓa aikin lambu a bakin Gulbin Maraɗi wajen Tibiri ya san abin da yake faruwa ga tiyon injin ban-ruwa idan ya tsufa ya yi laushi: injin yana ja da ƙarfi, tiyon sai ya lotse ya manne, ruwa ya tsaya alhali injin yana ta ruri. Haka ƙirjin mai wannan cuta yake ja, maƙogwaro a manne, iska ba ta wucewa. Idan hanyar ta ƙuntata kawai, iska tana kutsawa da ƙyar tana kaɗa naman wurin, wannan shi ne minshari; idan kuwa ta rufe gaba ɗaya, sai minsharin ya yanke, a ji shiru.

Shirun nan shi nake so ku koyi saurare. Ka zauna a bakin ƙofar ɗakin da dare ya raba, ka kasa kunne. Za ka ji minsharin yana hawa yana sauka, yana ƙara kauri, sa'an nan kwatsam ya tsaya. In ka haska fitila daga gefe, za ka ga cikin dattijon yana motsi, ramin wuyansa yana lotsawa ciki, haƙarƙari suna ɗagawa, amma babu iskar da take fita daga hanci ko baki. Ka ƙirga a zuciyarka, goma, goma sha biyar, ashirin, wani lokaci har talatin ko fiye, sa'an nan ya fizgo numfashi da wani gurnani mai ƙarfi, ƙafarsa mai lafiya ta yi harbi, ya taune baki, ya koma minshari kamar ba a yi kome ba. Da safe in ka tambaye shi, zai rantse maka bai farka ko sau ɗaya ba, kuma gaskiyarsa ce, domin farkawar ba ta kai inda hankali zai riƙe ta ba. A ƙa'idar likitoci, duk tsayawar da ta kai daƙiƙa goma ana lissafa ta. Idan ta auku sau 5 zuwa 15 a awa ɗaya, cutar mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya kai 30 ko ya haura kuwa mai tsanani ne. Ku yi hisabi da kanku: mutumin da numfashinsa yake ɗaukewa sau 30 a awa, in ya kwanta awa bakwai, an shaƙe shi fiye da sau 200 kafin ladan ya yi kiran asalatu.

A kowace shaƙewa iskar oksijin tana raguwa a cikin jini, ƙwaƙwalwa ta firgita, ta aika wa zuciya da jijiyoyi saƙon tashin hankali, zuciya ta yi sauri, jijiyoyi su tsuke, jini ya hau. A al'adar jiki mai lafiya, dare shi ne lokacin da bugun jini yake sauka, jijiyoyi su huta. Shi kuwa wannan bawan Allah, darensa ya zama lokacin da jininsa ya fi hawa, alhali jijiyoyin kansa sun riga sun taɓa fashewa ko toshewa sau ɗaya.

Masana sun daɗe suna bibiyar wannan al'amari. Tun a shekarar 1818 wani likita a birnin Dablin na ƙasar Ailan, mai suna John Cheyne, ya rubuta bayanin wani majinyacinsa mai ciwon zuciya da shanyewar jiki wanda numfashinsa yake hawa, ya sauka, ya ɗauke, sa'an nan ya dawo. Wannan nau'i kuwa daga ƙwaƙwalwa yake, watau ita ce take jinkirin ba da umurnin numfashi, kuma ya fi yawa a kwanakin farko na ciwon, yakan ragu in an daɗe. Nau'in toshewar maƙogwaro, wanda shi ne ya fi yawa kuma shi ne ba ya tafiya da kansa, sai a 1965 Henri Gastaut da abokan aikinsa a birnin Marsai na Faransa suka auna shi da na'ura a kan masu barci, suka tabbatar da hakikaninsa. A 2005 likitocin jami'ar Yale ta Amurka suka buga sakamakon bin diddigin mutane kimanin dubu, suka ga masu wannan cuta sun kusa ninka sauran wajen haɗarin shanyewar jiki ko mutuwa. A 2019 kuma likitocin birnin Bern na Suwizalan suka tattara binciken da aka yi a ƙasashe da yawa a kan dubban waɗanda ciwon ya riga ya buge, suka samu cewa kimanin bakwai cikin goma suna da ɗaukewar numfashi cikin barci, kimanin uku cikin goma kuma tasu mai tsanani ce. Abin da ya fi dacewa da zancenmu kuwa shi ne, ba su ga adadin ya sauka ƙwarai ba tsakanin sababbin kamu da waɗanda suka daɗe da ciwon. Ma'ana, wucewar shekaru ba ta zama hujjar cewa dattijonku ya kuɓuta ba.

Dalilin yawanta a cikinsu fuska biyu ne. Da yawa suna da ita tun kafin su faɗi, shekara da shekaru ana yi musu ba'ar minshari a gida da wurin kwanan fatauci, ita ce ma ta taimaka wajen hawan jinin da ya kayar da su. Sa'an nan ciwon da kansa yana ƙara mata ƙarfi, gama raunin da ya sami hannu da ƙafa yakan sami harshe da maƙogwaro, shi ya sa kuke ganin yawu yana zuba, ruwa yana sarƙe su. Ga kuma rashin iya juyawa, wanda yake tilasta wa mutum kwana rigingine tun daga farkon dare har ƙarshensa, kwanciyar da ta fi kowace sa harshe ya faɗa baya. A nan ina so ku kiyaye wani kuskure. An saba cewa wannan cutar masu ƙiba ce da masu kaurin wuya, kuma hakika ƙiba babbar ƙofarta ce, amma a cikin masu shanyewar jiki ana samun ta har ga siriri, irin manomin Gangara ko Cadakori wanda bai taɓa ajiye tumbi ba. Mata ma ba ta bar su ba, musamman bayan ɗaukewar haila, sai dai su kunya takan hana a faɗi cewa Inna tana minshari.

Abin da ya fi sosa mini rai a cikin wannan mas'ala shi ne hukuncin da muke yanke wa waɗannan bayin Allah da rana a kan laifin da ba nasu ba. Mutumin da aka shaƙe sau ɗaruruwa cikin dare yakan tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya yini jiki a mace. Ana cikin gaisawa da baƙo sai a ga kansa ya rusuna, a masallaci yana zaune a gefen sahu sai gyangyaɗi ya ɗauke shi tun liman bai idar da huɗuba ba. Abin da aka gaya masa da hantsi ya manta kafin azahar. Ga saurin fushi, ga baƙin ciki ba gaira ba dalili, ga yawan neman gwangwanin fitsari cikin dare har mai jinya ya gaji ya fara gunaguni. In an ce ya tashi ya taka da sanda kamar yadda masu motsa gaɓoɓi suka umurta, sai ya ce a ƙyale shi. Daga nan sai maganganu su tashi: tsufa ne, ciwon ya taɓa masa kai, ya saki jiki ne da gangan, ya fid da rai. Wasu ma su ce jifa ne aka sabunta. Alhali sau da yawa mutumin nan barci kawai yake nema, wanda ya shekara bai samu na kirki ba, kuma ƙwaƙwalwar da take ƙoƙarin koyon tafiya da magana sabo tana bukatar barci mai nauyi fiye da ta kowa. Wanda ya san haka, lalle harshensa zai yi laushi a kan mahaifinsa. Amma fa kada ku ce tun da namu ba ya gyangyaɗi da rana to lafiya lau yake, domin da yawa daga masu shanyewar jiki suna ɗauke da cutar ba tare da wannan alama ba. Shaidar dare ta fi ta rana ƙarfi.

Akwai kuma wata alama da ma'aunin tansiyo, watau na hawan jini, yake nunawa. Babban binciken da aka yi a asibitocin Gana da Nijeriya, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya nuna cewa hawan jini yana da hannu a kimanin tara cikin goma na shanyewar jiki a wannan yanki namu. To, idan dattijonku yana shan maganin hawan jini iri biyu ko uku, bisa ƙa'ida, ba fashi, an rage masa gishiri da kanwa da dunƙulen miya, amma duk ran da aka auna sai a tarar jinin yana sama, musamman da sassafe, ɗaukewar numfashi tana cikin abubuwan farko da ya kamata a tuhuma. Haka nan idan aka ce zuciyarsa tana bugawa ba bisa tsari ba.

Saboda haka abin da nake nema a gare ku ƙarami ne a wajen aiki: ɗayanku ya sadaukar da dare guda. Na san al'adarmu, ɗa baligi ba ya kutsa kai ɗakin mahaifinsa da dare, ɗan fari ma ko sunansa ba a kira, matar ɗa kuwa tsakaninta da surukinta sai gaisuwa daga nesa. Kunya ado ce, ban ce ku yar da ita ba, amma malamanmu sun karantar da mu cewa lalura tana da nata hukunci, kuma kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a. A nemi izininsa da ladabi tun da rana, a ce, Baba, likita yana son a ji yadda kake numfashi in ka yi barci. In ɗa ba zai iya ba, jika ya yi, gama tsakanin jika da kaka babu wannan shamaki. Uwargida ma, wadda ta fi kowa sanin minsharin nan shekara talatin, a tambaye ta, za a sha mamakin abin da ta sani ba ta taɓa samun mai tambaya ba. Lokacin bazara, sa'ad da zafi yake fito da kowa tsakar gida, abin ya fi sauƙi. Wayar salular nan da kuke kwana kuna latsawa, ku ajiye ta kusa da matashinsa ta ɗauki sauti na rabin awa, ko hoto mai motsi na 'yan mintoci in ya yarda, ku kuma rubuta sau nawa numfashin ya tsaya da tsawon kowace tsayawa. Wannan sautin amana ne da sirrin gida. Ba na tura wa abokai ba ne, na kunnen likita ne kaɗai.

Sa'an nan ku tafi da shi wurin majo, watau shugaban ƙaramin asibitin CSI mafi kusa, ko asibitin gunduma a Agye ko Gidan Rumji, ku faɗi magana a fili: numfashinsa yana ɗaukewa cikin barci, ga abin da muka ji. Ma'aikacin lafiya da layi ya yi masa yawa zai auna jini ya rubuta magani ya ce na gaba, ba zai tambayi dare ba sai kun tayar da zancen. In ya ga dacewa zai tura ku Maraɗi, inda manyan likitoci suke. Cikakken gwajin barci, wanda ake kwana da wayoyi a kai da ƙirji, aikin manyan asibitoci ne, amma akwai ƙaramar na'ura da ake maƙalawa a yatsa mai nuna yawan oksijin a jini, kuma ko ita kaɗai, in an lura da ita cikin dare, tana ba likita haske.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da hannunku zai iya tun daren yau, shi ne gyaran kwanciya. Kada a bar shi rigingine. A juya shi bisa gefe, a naɗe bargo ko tsohuwar tabarma mai laushi a tokare bayansa tun daga kafaɗa har ƙugu don kada ya mirgina, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa, hannun da ya shanye kuma a ɗora shi bisa wani matashin a gabansa, kada a bar shi yana reto. In bisa ɓarin da ya shanye za a kwantar da shi, a sa tafin hannu a ƙarƙashin allon kafaɗar a turo ta gaba a hankali, kada a kuskura a ja hannun, domin kafaɗar da ba ta da ƙarfin tsoka tana saurin gocewa. A ɗaga kan gadon da bulo ko a tada kafaɗu da kai gaba ɗaya, ba wuya kaɗai ba. Kwanciya bisa dama sunna ce da kowane ɗan makarantar allo ya sani, ga shi kuma likitanci ya zo ya tarar da fa'idar kwanciyar gefe. Wanda lalura ta hana shi dama, hagu ta wadatar. A ba shi abincin dare da wuri, yana zaune, a bar shi ya jima kafin ya kwanta. Da hunturu, sa'ad da ƙura take toshe hanci, a wanke masa hancin da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri kaɗan, kuma kada a rufe shi a ɗaki da kaskon garwashi.

Abu biyu nake gargaɗinku a kansu da babbar murya. Na farko, ƙwayoyin sa barci da na kashe zafi irin su diyazefam da tramol, waɗanda masu tallar magani suke yawo da su a kasuwanninmu. Ɗa mai tausayi yakan ga mahaifinsa yana juye-juye da dare ya sayo masa don ya huta, bai sani ba ƙwayar tana ƙara sakin tsokar maƙogwaro, tana kuma danne farkawar nan da ita ce take ceton ransa a kowace shaƙewa. Na biyu, kada a kira wanzami ya cire masa beli da sunan maganin minshari. Toshewar ba a beli kaɗai take ba, da yawa daga masu shanyewar jiki kuma suna shan asfirin ko wani maganin tsinka jini, yanka a maƙogwaronsu yana iya zama zubar jinin da ba a iya tsayarwa a ƙauye.

Maganin da ya fi ƙarfi a duniya yau na'ura ce da likita Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostireliya ya bayyana a 1981, ana ce mata Sipap: ƙaramin inji mai hura iska a hankali ta cikin tiyo zuwa wata 'yar rufa da ake ɗaurawa a hanci, iskar ta riƙe maƙogwaro a buɗe har safe. Wajibi ne in gaya muku gaskiyarta duka. Tana da tsada, sai likita ya daidaita ƙarfinta, mai hannu ɗaya yana bukatar wanda zai ɗaura masa, kuma tana son lantarki dukan dare. Mu kuwa da layin wutar da yake ciyar da Maraɗi da Damagaram ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, mun ga yadda aka yanke shi a 2023, ƙauyukanmu da yawa ma waya ba ta taɓa isa gare su ba, sai dai faifan hasken rana da batir. Wani babban gwaji da aka buga a 2016, a kan mutane fiye da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, bai nuna na'urar ta rage sake faɗuwa ba, ko da yake a matsakaici mutanen ba su wuce awa uku da 'yan mintoci suna sa ta a dare ba. Amma ya nuna ta rage gyangyaɗi da baƙin ciki, ta kyautata rayuwa. Don haka wanda Allah Ya hore wa, cutar kuma ta yi tsanani, likita ya ba da shawara, ya saya. Amma ba ta maye gurbin maganin hawan jini, kuma rashinta ba uzuri ba ne na barin sauran abin da ake iyawa. Ku da kuke ci-rani a Kano ko Agadas ko Libiya kuna aiko da kuɗi, in kun bugo waya kada ku tsaya a kan ya jikin Baba; ku tambayi wa yake kwana kusa da shi, ta wane gefe ake kwantar da shi, yaushe rabon da a auna jininsa, kuma ku ware kuɗin magani daban don kada ya yanke a tsakiyar wata.

Ku kuma ɗalibanmu da kuke karatun likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi, da masu koyon aikin jinya, ku riƙe tambaya guda ku riƙa yi wa iyalin duk mai shanyewar jiki da ya zo gabanku, ko ya shekara goma da ciwon: yana minshari, kuma numfashinsa yana tsayawa? Addu'a da tofi muna yi, ba za mu bari ba, tawakkali kuma ba ya hana riƙon sababi. In kuwa wata safiya kuka tarar bakin dattijonku ya ƙara karkacewa, ko magana ta ƙara nauyi, ko wata gaɓar ta saki, kada ku ce barci ne bai sake shi ba, ku nemi mota nan take. Wanda duk yake da irin wannan majinyaci a gidansa, ina roƙonsa don Allah ya saurari barcinsa a cikin makon nan, in ya ji shirun da na siffanta, ya kai shi likita da sautin a wayarsa da kwalayen magungunan da yake sha duka a hannunsa.